Yadda Koci Zai Yanka Wa Yaro Buri A Filin Ƙwallo

Duk filin unguwar da ka shiga bayan la'asar, a Kano ne ko Kaduna ko Damagaram, in ka tsayar da yaro ɗan shekara 12 ka tambaye shi abin da yake nema a ƙwallo, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce Turai zai je, ko ya ce kofin bana suke so su ɗauka. Ba laifi a ciki. Yaron da ya san Ahmed Musa ya taso daga Jos, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, ya wuce Holan da Rasha da Ingila, har ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, yana da hujjar yin wannan mafarki. Mafarkin ne ma yake fito da shi fili ko ba takalmi. Sai dai ba ya gaya masa abin da zai yi da ƙafarsa ta hagu yau da yamma. Tsakanin Turai da yammacin yau akwai tazara, kuma aikin koci ne ya cike ta da ƙananan burika waɗanda yaro zai gani, ya ƙirga, ya kai gare su da ƙafarsa.

Wannan jagora na kocin unguwa ne, da malamin wasanni a makaranta, da uban da yake fita da ɗansa ko 'yarsa bayan gida da ƙwallo. Da ƙwallon ƙafa zan yi misali, amma mai koyar da gudu ko kokawa zai ga abin ɗauka. Magana ɗaya ce take riƙe da sauran: hankalin yaro yana zuwa inda burinsa ya nuna masa, kuma inda hankali ya tsaya lokacin atisaye, nan ake koyo.

Abin da bincike ya nuna

A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edwin Locke, ya fito da wani ra'ayi wanda daga baya shi da Gary Latham suka tattara cikin littafi a 1990, cewa mutumin da aka yanka wa buri takamaimai mai ɗan nauyi yakan fi wanda aka ce masa “yi iya ƙoƙarinka” kataɓus. Ba a filin wasa aka fara gwada abin ba. Wani gwajin Latham da ake yawan ambato, na 1975, a kan direbobin manyan motocin dakon gungumen katako aka yi shi. Sun saba yi wa motocinsu lodin kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin da doka ta yarje. Aka ce su riƙa nufin kashi 94, ba a ƙara musu ko sisi ba, cikin 'yan watanni lodin ya tashi zuwa wajen kashi 90. Bayanin da Locke da Latham suka bayar shi ne buri yana karkata hankali ga abin da ya dace, yana ƙara ƙaimi, yana sa juriya, yana kuma sa mutum neman dabara.

Ka auna wannan da abin da aka fi ji a bakin fili: “Ku dage!”, “Kai, yi wasa mana!” Yaron da aka ce wa ya dage zai ƙara gudu, ya ƙara gumi, ya kuma ci gaba da bugun ƙwallo da kan yatsu yadda ya saba, don ba wanda ya nuna masa abin da zai canja.

Da aka kawo ra'ayin cikin wasanni sai aka ga yana aiki, amma da sharaɗi. A 1995 Kyllo da Landers suka haɗa sakamakon bincike 36, suka ga yanka buri yana ƙara ƙwazon 'yan wasa, kuma wanda ya fi amfani shi ne mai matsakaicin nauyi, musamman in an haɗa na kusa da na nesa. Sharaɗi na biyu ya fi shafar mai koyar da yara. Ruth Kanfer da Phillip Ackerman, a 1989, sun gwada sabbin ɗaukar rundunar sojan saman Amurka a kan wani aikin kwamfuta mai rikitarwa na ba jirage umarnin sauka. Waɗanda aka ɗora wa burin maki tun farkon koyo abin ya zame musu cikas, saboda hankalin da ya kamata ya tafi ga fahimtar aikin ya rabu, wani sashensa yana can yana duba ko an kai makin. Haka yaron da bai iya tsayuwar bugu ba ka ce masa sai ya ci 8 cikin 10. Idonsa yana kan raga, zuciyarsa tana kan lissafi, ƙafar kuwa ba mai kula da ita.

Shi ya sa dole koci ya san buri iri uku ne. Akwai burin nasara: a ci wasan Asabar, a ɗauki kofi, a zaɓe ni cikin tawagar jiha ta kofin Ramat. Yana da daɗin faɗa, yana tara yara a fili, amma rabinsa ba a hannun yaro yake ba. Yana hannun abokan hamayya, da alƙalin wasa, da golan da ya tashi da sa'a ranar. Akwai burin adadi, inda yaro yake gasa da kansa na jiya: riƙe ƙwallo a sama da ƙafa daga sau 15 zuwa 25, fasin 12 cikin 20 su shiga inda aka nufa. Sannan akwai burin yadda ake yi, wanda ba ruwansa da inda ƙwallo ta faɗa: ƙafar da aka taka ta tsaya gefen ƙwallo, a waiga kafin a karɓi fasin, gola ya sa jikinsa bayan hannuwansa. Na ukun nan ne kaɗai yake hannun yaro gaba ɗaya, tun daga bugunsa na farko.

Da wanne za a fara? Barry Zimmerman da Anastasia Kitsantas sun gwada wannan a 1997 da 'yan mata 90 na makarantar sakandare, waɗanda suka koya wa wasan jifan allo da 'yan ƙananan kibiyoyi. Wasu aka ce su sa ido kan makin da suke ci, wasu kan matakan jifan, wasu kuma su fara da matakan, in hannu ya faɗa su koma kan maki. Na ƙarshen nan suka fi kowa iyawa, masu bin matakai kaɗai suka biyo baya, masu farautar maki tun farko suka zo ƙasa da su. Waɗanda suke rubuta abin da suka yi da hannunsu kuma sun fi waɗanda ba sa rubutawa. Wani nazari da ya tattara binciken wasanni a 2022 ya ƙarfafa wannan: burin yadda ake yi ya fi sauran biyun tasiri nesa ba kusa ba, burin nasara ne mafi ƙarancin tasiri a kan iya wasa.

Daga awo ake farawa

Mu ɗauki abin da ya fi addabar yaranmu, wato ƙafar da ba a saba da ita ba, wadda ga yawancinsu ta hagu ce. Kafin ka ambaci buri, auna. Ajiye duwatsu biyu ko silifa biyu, tsakaninsu taku biyu, su zama ƙofa. Yaro ya tsaya taku 10 daga nan, ya tura ƙwallo a ƙasa da cikin ƙafar hagu sau 20, wani yaron yana bayan ƙofa yana dawo masa da ita. A ƙirga waɗanda suka wuce ta tsakiya. A maimaita wata ranar, don awon yini ɗaya yakan yi ƙarya: yau yaro ya ci abinci, gobe bai ci ba, yau iska ta kwanta, gobe ta taso. Ka kuma tabbata ƙwallon ta dace da shi. Mai lamba 5 ta manya ce. Yaron da bai wuce shekara 12 ba mai lamba 4 ta fi masa, ƙanana sosai kuma mai lamba 3. Ƙwallon da ta fi ƙarfin ƙafa takan tilasta yaro ya doka da kan yatsu, sai ka yi ta gyaran laifin da ba nasa ba ne. Kada ka kira wannan jarrabawa, kada ka tara sauran yara su yi kallo. Ce masa kawai, “Zo mu ga inda hagunka take yau.”

A ce ya samu 6 cikin 20. Ajiye lambar a littafi, kada ka ɗora masa komai a kanta tukuna. Yanzu kai ne da aiki. Tsaya a gefensa ka kalli bugu biyar ko shida ba tare da ka bi ƙwallon da ido ba. Galibi za ka ga laifi uku ko huɗu a tare: ƙafar dama da ya taka tana can baya da ƙwallon, idon sawun hagu a sake, ya ɗaga kai kafin ya taɓa ta, jikinsa ya kwanta baya. A nan ne masu koyarwa da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle, su zayyano wa yaro duka huɗun a numfashi ɗaya. Zaɓi ɗaya, wanda in ya gyaru zai ja sauran. A fasin, kusan kullum ƙafar da aka taka ce: in ta tsaya gefen ƙwallon, yatsunta suna kallon ƙofa, jiki yakan dawo kan ƙwallon da kansa. To burinsa na wannan mako ke nan, kada a haɗa masa da wani.

Yadda ka faɗa masa ma yana da tasiri. Gabriele Wulf, wadda take binciken koyon motsin jiki tun ƙarshen shekarun 1990, ta nuna sau da dama cewa mai koyo ya fi saurin kamawa in an karkata hankalinsa ga abin da ke wajen jikinsa, ƙwallo ko ƙasa ko wurin da ake nufa, maimakon gaɓoɓinsa. Saboda haka ka bar “lanƙwasa gwiwa, juya ƙugu, ƙanƙame idon sawu”. Ɗauki tsinke ka zana 'yar kibiya a ƙasa gefen ƙwallon, ka ce, “Taka kan kibiyar nan kafin ka buga.” Filin ƙasa a nan ya fi na ciyawa, don sawun yaro yana fitowa, shi da kansa zai ga ko ya taka daidai. Abokin atisayensa ya riƙa ƙirga sau nawa ya taka kibiyar cikin 10, ko ƙwallon ta shiga ƙofa ko ta kauce. Ranar farko da ƙwallo ta kauce ka ce masa “Madalla, haka nake so,” zai kalle ka da mamaki. Bar shi ya yi mamakin. Da haka zai gane abin da kake dubawa da gaske.

In takun ya zama jiki sai a koma kan adadi. Alamarsa ita ce ka share kibiyar ya ci gaba da takawa daidai, ko ka riƙa jansa da hira yana bugu, ka tambaye shi wa ya ci wa Pillars ranar Lahadi, ya amsa ba tare da ƙafar ta koma gidan jiya ba. Wani yaron mako ɗaya ya ishe shi, wani sai uku. Daga nan ci gaba da sa shi tunanin takunsa ɓata lokaci ne, har yakan dagula abin da ya riga ya zauna. Sai a sake awo. A ce yanzu 10 cikin 20 yake samu. Buri na gaba ya zama 13 ko 14 cikin mako uku. A ganina nauyin da ya dace shi ne yaro ya ji sai ya miƙe sosai kafin ya taɓo, amma yana hango abin. In ka ce 11, zai samu ko bai yi atisaye ba, ya kuma gane wasa kake masa. In ka ce 19, bayan kwana uku zai daina ƙirgawa. In ya fara samun 15 ko 16 a kai a kai, kada ka tsaya jiran 20. Ƙara wa aikin wuya har lambarsa ta sake sauka wajen 10: nisa ya koma taku 15, ko a tsuke ƙofa, ko ya buga ƙwallon tana tafiya, daga ƙarshe a sa wani ya riƙa taso masa, tunda a wasa na gaske ba wanda ake ajiye wa ƙwallo.

Game da tsawon wa'adi, ba sai mun je nesa neman misali ba. Kowane almajiri ya san sauka ce burinsa, izu 60 cif. Amma malam ba ya ce masa “je ka sauke”. Abin da allo zai ɗauka ake rubuta masa, a biya masa, ya je ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya kawo. In ya zauna a wanke a ƙara gaba, in bai zauna ba allon yana nan. An san inda aka nufa, amma aikin yau girmansa daidai da yini ne, kuma yaro ya san da kansa ko ya iya ko bai iya ba. Albert Bandura da Dale Schunk sun ga irin wannan a 1981 da yaran firamare masu rauni a lissafin ɗebewa. Waɗanda aka ce su nufi shafi 6 a kowane zama sun fi waɗanda aka ce su gama shafi 42 a ƙarshen zama na 7 iyawa, sun fi su yarda da kansu, har sun fi su son lissafin, alhali aikin ɗaya ne. Ga ɗan shekara 9, wata uku ya yi nisan da ba ya gani, don haka burinsa ya zama na yau da na wannan mako. Ɗan shekara 14 zai iya riƙe na wata guda ko na zangon karatu, muddin an yayyanka masa shi mako-mako.

A riƙa rubutawa. Littafin makaranta mai arha ya wadatar, shafi ɗaya ga kowane yaro: kwanan wata, abin da aka nufa, abin da aka samu. Yaron ne zai rubuta da hannunsa, wanda bai iya boko ba ya yi da ajami ko ya ja layuka. Amfanin rubutun yana fitowa ranar da ya zo rai a ɓace yana cewa shi ba ya ci gaba, ka buɗe masa shafinsa ya ga 6 ɗin da ya fara da ita. Gani ya kori ji.

Kada kuma burin ya zama naka kai kaɗai. Bayan awo tambaye shi, “Nan da Juma'a uku, nawa kake ganin za ka iya?” Ƙananan za su ce 20 ko ƙifta ido babu, masu kunya za su faɗi ƙasa da abin da suke yi yanzu. Ku yi ciniki har ku daidaita, amma lambar ƙarshe ta fito daga bakinsa. Abin da yaro ya furta da kansa yakan bi shi gida, ya sa shi neman bango bayan an tashi daga Islamiyya.

Inda abin yake lalacewa

Wani mai bincike, John Nicholls, ya gano wani abu da ya kamata kowane koci ya sani. Ƙananan yara ba sa raba ƙoƙari da baiwa. A wurinsu wanda ya fi dagewa shi ne gwani. Sai wajen shekara 11 zuwa 12 suke fahimtar cewa wani yana iya yin ƙoƙari kaɗan ya fi wanda ya yi da yawa. Daga nan yaro yake fara auna kansa da na kusa da shi, kuma in ma'aunin da koci ya ba shi kaɗai shi ne “wa ya fi wa”, na ƙasa zai yanke wa kansa hukuncin ba shi da baiwa. Sai ya fara ɓoye hagunsa, ya daina neman ƙwallo, wata rana ka neme shi a fili ka rasa. Shi ya sa ba na son a mai da littafin nan allon sanarwa, a jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Auna yaro da kansa na jiya ne yake ba na ƙarshe a ƙungiya dalilin dawowa gobe. Yana kuma ceton gwanin ƙungiyar, wanda ya rasa mai ja da shi, ya saba da yabo, ya daina koyo.

In wa'adi ya cika bai kai ba fa? Ba tsallen kwaɗo, ba zagaye fili, ba tsawa a gaban 'yan'uwansa. Wannan ina faɗarsa da babbar murya, don yaron da aka hukunta a kan buri darasi ɗaya yake ɗauka: nan gaba ya faɗi ƙaramar lamba, ko ya yi ƙarya a ƙirga. Ku zauna ku duba tare. In burin ne ya yi nauyi, a rage shi. In atisayen ne bai samu ba, saboda talla ko shago ko gona ko jarrabawa, a nemo lokacin da zai yiwu. In wani laifin bugu ne ya fito bayan an gyara na farko, a koma burin yadda ake yi. Ka kuma sa ido kan jiki. 'Yan mata wajen shekara 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14, sukan yi tsawo farat ɗaya, ƙafafu su riga sauran jiki, sai ka ga yaron da yake tarar ƙwallo tsaf ta koma tana tsalle daga ƙafarsa. Lambobinsa za su sauka na ɗan lokaci. Gaya masa dalili, ka sassauta. In yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige, abin da ake yawan gani a waɗannan shekarun, a dakatar da duk burin da ya ƙunshi tsalle da gudu mai yawa, a kai shi a duba shi. Haka da azumi, da zafin bazara daga Maris zuwa Mayu: a jingine burin gudu da juriya, a koma kan taɓa ƙwallo da fasin na kusa, da sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana.

Kocin unguwa zai ce yara 30 gare shi, ƙwallo biyu, ɗaya ma tana sacewa. Ba sai an yanka wa kowa nasa daban ba. Raba su gida uku: masu fama da fasin, masu fama da tarar ƙwallo, masu karɓarta kai a sunkuye. Kowane gida buri ɗaya na yadda ake yi, adadin ne kawai zai bambanta daga yaro zuwa yaro. Gida ɗaya ya yi minti 15 a kan aikinsa, ko da ƙwallon roba ne, sauran suna wasa, a riƙa juyawa. Wanda yake ƙirga wa ɗan'uwansa ma koyo yake yi, don sai ya san daidai kafin ya ƙirga ta. Sauran lokacin a bar su su buga ƙwallonsu. Don wasa suka zo, kuma atisayen da ya koma lissafi daga farko har ƙarshe shi ma yana korar yara.

Kai ma koci duba naka burin. In kofi ne kaɗai, ba ka ankara ba za ka fara zaɓen manyan yara masu ƙarfi, ka hana 'yan baya yin fasin ka ce su riƙa dokawa gaba, ka ajiye ƙaramin yaro mai basira a benci, har ta kai ga rage wa wani shekaru. Matsalar rage shekarun nan ce ta sa FIFA ta fara amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009. Najeriya ta ɗauki wannan kofi sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ba ƙasar da ta kai ta, amma babbar tawagarta ta maza ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a gasar duniya ba. Dalilan suna da yawa, ba na ɗora su kan abu ɗaya, sai dai wannan ya isa ya nuna kofin yara ba ya auna koyo. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne yara nawa cikin waɗanda suka fara da kai bana suke nan baɗi, nawa kuma cikinsu suke bugu da ƙafa biyu.

Saura ranar wasa, inda ake gane ko abin da aka koya tsakanin duwatsu biyu ya shiga jiki. Kafin a fita, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da zai yi wanda abokan hamayya ba za su iya hana shi ba: fasin 5 da hagu, waiwaye kafin kowace karɓa, komawa baya da gudu duk lokacin da aka ƙwace. Ba ka iya ƙirga wa mutum 11, to ga aikin 'yan benci. Kowa a ba shi ɗan wasa ɗaya da 'yan tsakuwa a hannu, duk lokacin da nasa ya yi abin da ya ce, ya ajiye ɗaya. A wasannin farko gwadawar ake ƙirgawa, ko an dace ko ba a dace ba. Yaron da ya ba da fasin da hagu aka tare ta ya samu tsakuwarsa, ka kuma ja kunnen sauran, da iyayen da suka zo kallo, kada wani ya yi masa ihu. Uban da zai tari ɗansa a gida, a roƙe shi bayan “nawa kuka ci?” ya ƙara da “hagun fa, sau nawa?” In an tashi, an ci ku ko kun ci, a zauna minti 5 a gefen fili, 'yan benci su kawo tsakuwarsu, a shigar a littafi. Wanda ya ce 5 ya samu 1, alhali yana yin 15 cikin 20 a atisaye, ƙafarsa ta iya, matsi ne bai saba da shi ba. Mako mai zuwa a sa masa mai taso masa tun daga bugun farko, a kuma shirya ɗan wasan mutum huɗu-huɗu wanda ƙwallon da aka ci da hagu take zama biyu. Wanda ya cika 5 ɗinsa kuwa, a wasa na gaba a fara ƙirga masa waɗanda suka isa ga abokin wasansa.